Tarihin Yang Luchan, Baran Kantin Magani da Ya Zama Malamin Fada

Gabatarwa

 

Na tabbata 'yan ajinmu ba su manta da daren Asabar ba, lokacin da akan sa mana fim ɗin Canis. Da an tashi daga kallo sai ka ga kowa ya zama gwani, ana tsalle ana kai wa iska naushi tun daga bakin zaure har ɗakin kwana. A cikin waɗannan fina-finai akan nuna wani tsoho mai farin gemu yana motsa hannuwa a hankali kamar mai iyo a cikin ruwa, amma duk ƙaton da ya afka masa sai ya tsinci kansa a ƙasa. Mu a lokacin dariya muke yi, muna cewa ai wannan dabarar masu shirya fim ce. Sai da na girma na gane cewa wasan tsohon nan yana da suna da tarihi. Sunansa taici, kuma a yau miliyoyin mutane ne suke yin sa kowace safiya a ƙasar Sin da sauran ƙasashen duniya.

Mutumin da ya fito da wannan ilimi daga wani ƙaramin ƙauye ya kai shi babban birni shi ne Yang Luchan. Na zaɓi in kawo tarihinsa a mujallarmu ta bana saboda labari ne na ɗalibi da malaminsa, kuma ina ganin babu inda ya fi dacewa da irinsa kamar dandalin da ya haɗa malamai da waɗanda suka koyar.

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Yang Luchan a shekarar 1799 a garin Guangfu da ke gundumar Yongnian, cikin lardin da a yau ake kira Hebei, a arewacin ƙasar Sin. Sunansa na yanka shi ne Yang Fukui, Luchan kuwa suna ne na girmamawa irin wanda a da Sinawa kan ba namiji idan ya kai munzali. Guangfu tsohon gari ne mai ganuwa, fadama ta kewaye shi, kuma ganuwar tana nan tsaye har yau. Iyayensa talakawa ne, ba su da dukiya kuma ba su gaji sarauta ko malanta ba.

A wancan zamani daular Cing ce take mulkin ƙasar. Sarakunanta 'yan ƙabilar Manchu ne, waɗanda suka kama birnin Beijing tun 1644. Hanyar da talaka zai bi ya ɗaukaka ita ce ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ake shafe shekaru ana yi wa karatu. Ɗan gidan da ba a iya ciyar da shi ba tare da ya yi aiki ba, ina zai sami wannan sarari? Saboda haka tun yana yaro Yang ya shiga aikin ƙarfi.

A cikin garin akwai wani kantin sayar da magungunan gargajiya mai suna Taihetang. Mai kantin, Chen Dehu, baƙo ne daga wani ƙauye a lardin Henan. Ruwayoyi biyu ake kawowa game da yadda Yang ya haɗu da mutanen wannan gida. Ta farko ta ce aiki yake yi a kantin, sai wata rana ya ga yadda mutanen kantin suka watsar da wasu 'yan iska da suka zo neman rigima, ba tare da wani ƙoƙari ba, abin ya ba shi mamaki ya nemi a koya masa. Ta biyu, wadda wasu masu binciken tarihi suka fi karkata gare ta, ta ce talauci ne ya sa aka ba da shi bara a gidan Chen Dehu tun yana ƙarami. Ko wacce aka ɗauka, ƙarshenta ɗaya ne: Yang ya isa ƙauyen mutanen Chen a matsayin ɗan aiki, baƙo, wanda ba shi da haƙƙin komai a cikin abin da suka gada.

Ƙauyen Chenjiagou da Sirrinsa

Ƙauyen Chenjiagou yana gundumar Wen a lardin Henan, arewa da Rawayen Kogi, tafiyar fiye da kilomita 200 daga garin su Yang. Kusan duk mutanen ƙauyen zuriya ɗaya ce, kuma sun shahara da wani irin dambe nasu na gado. Sinawa suna da tatsuniyar da ke cewa wani waliyyinsu mai suna Zhang Sanfeng ne ya ƙago taici a kan dutsen Wudang bayan ya kalli faɗan tsuntsu da maciji. Amma a farkon shekarun 1930 wani masanin tarihi mai suna Tang Hao ya je ƙauyen da kansa, ya duba littattafan asalin zuriyar, ya jingina wannan dambe ga Chen Wangting, wani tsohon soja da ya rayu a ƙarni na 17, ƙarshen daular Ming. An kuma lura cewa sunayen motsi da yawa na damben Chen sun yi daidai da waɗanda Janar Qi Jiguang, wanda ya rasu a 1588, ya rubuta a littafinsa na horar da sojoji. Wato dai tushen abin yaƙi ne da tsaron kai.

Mutanen ƙauyen ba don nishaɗi suke koyon wannan dambe ba. Da shi suke kare gonakinsu daga 'yan fashi, da shi kuma wasunsu suke cin abinci ta hanyar rakiyar ayarin fatake. Don haka suka ɗauke shi dukiyar gida, kamar yadda a wurinmu gidan maɗora ko gidan maƙera kan riƙe sirrin sana'arsu, ba a koya wa bare.

Babban malamin ƙauyen a lokacin shi ne Chen Changxing, wanda aka haifa a 1771 ya rasu a 1853, tsatso na 14 a zuriyar. Saboda yadda yake miƙe sambal ko yana tsaye ko yana zaune, mutane suka yi masa laƙabi da allon kakanni, wato irin allon katakon nan da Sinawa kan kafa a gida da sunayen magabatansu. A harabar gidan Chen Dehu yake koyar da 'ya'yan dangi, galibi da dare bayan an taso daga gona.

Shekaru 18 na Neman Ilimi

Labarin da ya fi yaɗuwa a bakin almajiran gidan Yang shi ne, da yake ba a yarda ya shiga sahun masu koyo ba, sai ya riƙa laɓewa yana leƙe ta wata kafa a jikin katanga. Abin da ya gani da dare sai ya koma wani lungu ya yi ta maimaitawa shi kaɗai, gari ya waye ya kama aikinsa na bara kamar ba abin da ya faru. A kwana a tashi asirinsa ya tonu. Malamin ya sa aka kira shi, ya umarce shi ya gwada da ɗaliban gidan ɗaya bayan ɗaya, ya kuwa kayar da su.

A nan ne Chen Changxing ya fuskanci babbar shawara. Bisa al'ada, wanda ya saci ilimin gida hukunci ya cancanta, ko aƙalla kora. Idan ya karɓe shi, ya karya dokar kakanninsa, kuma dangi za su yi magana. Idan ya kore shi, ya kori wanda ya fi kowa ƙwazo a cikin masu sauraronsa. Tsohon ya zaɓi ya karɓe shi. Ko da a ce masu ba da labari sun ƙara gishiri a zancen leƙen katanga, abin da babu saɓani a kansa shi ne Chen Changxing ya koyar da wanda ba ɗan zuriyarsu ba, kuma ya koyar da shi sosai.

Ruwayar gidan Yang ta ce sau 3 yana zuwa ƙauyen, kuma jimillar zamansa a gaban malaminsa ta kai shekara 18. Idan muka haɗa shekarunmu na firamare da sakandare da jami'a, da kyar su kai haka, shi kuwa fanni ɗaya tak ya zauna a kai. Ana cewa duk lokacin da ya koma gida yana ganin ya ƙware, sai ya gane akwai saura, ya sake ɗaukar ƙunshinsa ya koma. Komawar wanda ya riga ya yi suna wurin malaminsa domin a gyara masa tsayuwa abu ne mai nauyi ga zuciya, kuma a ganina wannan ya fi duk labaran kaye-kayensa nuna ko shi wane ne.

Abin da Ya Koyo

Ya kamata a nan mu ɗan tsaya mu ga mene ne wannan ilimi da ya ci shekaru haka. Cikakken sunansa a harshen Sinanci shi ne taijiquan. Kalmar quan tana nufin dunƙulallen hannu, wato dambe. Taiji kuwa tsohuwar kalma ce ta falsafarsu, wadda ke nufin matuƙar asali inda abubuwa biyu masu kishiyantar juna suke fitowa. Waɗannan biyun su ne yin da yang: duhu da haske, sanyi da zafi, taushi da tauri, ja da baya da kutsawa gaba. A fahimtarsu kowane ɗaya yana ɗauke da ƙwayar ɗan'uwansa, kuma idan ya kai ƙarshe sai ya juye ya zama ɗayan, kamar yadda tsakar dare take zama mafarin asuba. Shi ne ma'anar zanen nan na da'ira mai rabi baƙi rabi fari da muke gani a rigunan 'yan wasa. Wannan yang na falsafa daban yake da sunan gidan su Luchan, kamar furuci ce kawai.

Da aka kawo wannan tunani fagen faɗa sai ya haifar da ƙa'ida guda: kada ka tari ƙarfi da ƙarfi. Idan ƙato ya turo ka ka turo shi, wanda ya fi ƙarfi ne zai yi nasara, kuma wannan ba ya bukatar wani ilimi. Amma idan ya turo ka kauce kaɗan, hannunka na manne da nasa, ka bi da ƙarfinsa ta gefe, to nauyin jikinsa ne zai kai shi ƙasa. Duk wanda ya taɓa jingina da ƙofa yana zaton a kulle take alhali a buɗe take ya san yadda abin yake. Malaman addinin Dao, masu bin koyarwar Laozi, sun daɗe suna buga misali da ruwa, wanda babu abin da ya fi shi taushi amma yana huda dutse.

Ginshiƙan wannan dambe 13 ne. Takwas na hannu da jiki ne: tarewa, janyewa gefe, matsawa, turawa, fizgowa ƙasa, tsagawa, bugu da gwiwar hannu, da bugu da kafaɗa. Biyar kuma na ƙafa ne: gaba, baya, hagu, dama, da tsayuwa daram a tsakiya. Ɗalibi yakan fara da jerin motsi da yake yi shi kaɗai, a hankali ƙwarai, domin a cikin jinkiri ne kuskure yake bayyana. Wanda yake sauri yana iya ɓoye rashin daidaituwarsa, amma wanda aka ce ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye ta a hankali ba tare da ya karkata ba, nan take za a ga inda yake da rauni. Daga nan sai a shiga turayyar hannu, inda mutum biyu suke haɗa damtse suna kai da kawo. Manufarta ita ce mutum ya koyi sauraro da fatar jikinsa, ya ji inda abokin karawarsa ya nufa tun kafin ya motsa.

Sai kuma batun numfashi. Sinawa suna da wata kalma da suke rubutawa qi, suna furta ta kamar ci namu na cin tuwo. Asalin ma'anarta iska ko numfashi, kuma likitancinsu na gargajiya ya ɗauke ta a matsayin ƙarfin rai da ke zagaya jiki. Mai taici yakan saki kafaɗunsa, ya miƙe gadon bayansa, ya sauke numfashinsa can ƙasan cibiya, wurin da suke kira dantian, ya bar nauyinsa ya zauna a tafin ƙafa. Irin waɗannan atisaye na numfashi da natsuwa tsofaffi ne ƙwarai a ƙasar, kuma su ne aka tattara ƙarƙashin sunan cigong a shekarun 1950. Ba sai mutum ya ɗauki aƙidar Sinawa ba kafin ya ga hikimar da ke ciki. Kowa ya san wanda ya fusata numfashinsa yakan hau ƙirji, jikinsa ya sandare, idonsa ya rufe, kuma irin wannan shi ne mafi sauƙin kayarwa.

Komawarsa Gida

Yang ya koma Yongnian yana da kimanin shekara 40, ya fara koyarwa. Mutanen garin da suka ga salonsa sai suka riƙa kiransa damben auduga, saboda duk wanda ya kai masa hari ji yake kamar ya naushi buhun auduga, babu inda hannunsa zai tsaya.

A cikin waɗanda suka zo koyo akwai Wu Yuxiang, wanda aka haifa a 1812 ya rasu a 1880, ɗan babban gida mai arziki da ilimi. 'Yan'uwansa biyu, Wu Chengqing da Wu Ruqing, duk sun ci babbar jarrabawar gwamnati sun zama manyan ma'aikata. Abin lura a nan shi ne yadda ɗan masu gari ya durƙusa a gaban tsohon bara. Wannan haɗuwa ta amfani ɓangarorin biyu, domin Yang yana da aikin a jikinsa, su kuma suna da alƙalami. A wajen 1852 Wu Yuxiang ya tafi Henan neman ƙari, ya yi karatu na ɗan lokaci wurin Chen Qingping a garin Zhaobao. Ta hannun wansa Wu Chengqing, wanda yake mulkin gundumar Wuyang, aka sami wani tsohon rubutu da ake jinginawa ga Wang Zongyue, wai a wani kantin gishiri aka tsince shi. Wannan rubutu, tare da abin da Wu Yuxiang da ɗan 'yar'uwarsa Li Yiyu suka rubuta, shi ne ya zama tushen littattafan taici da ake karantawa har yau.

Zamansa a Beijing

A wajen 1850, ta hanyar Wu Ruqing wanda yake aiki a ma'aikatar shari'a, Yang ya tafi Beijing, tafiyar kimanin kilomita 400. A wancan lokaci babban birnin cike yake da gwanayen faɗa daga kowane lardi, kuma baƙon malami ba ya samun ɗalibai sai ya karɓi ƙalubalen duk wanda ya zo. Yang ya karɓa, kuma sunan da ya fita da shi shi ne Yang Wudi, wato Yang wanda ba shi da abokin karawa. Abin da aka fi yabonsa da shi a ruwayoyi shi ne yakan kayar da mutum ba tare da ya ji masa ciwo ba, har wanda aka kayar ya tashi ya nemi zama ɗalibi.

Daga nan sai ƙofofin manya suka buɗe. Ya koyar a gidajen 'ya'yan sarautar Manchu, aka kuma ɗauke shi ya horar da sojojin rundunar Tutoci Takwas masu tsaron birnin. A cikin sojojin da suka yi fice a hannunsa akwai uku da ake ambata: Wan Chun, da Ling Shan, da Quanyou. Ana cewa saboda ba ya yiwuwa ƙaramin soja ya zama ɗan aji ɗaya da 'ya'yan sarki, sai aka sa su yi mubaya'a ga ɗansa Banhou a matsayin malaminsu, ko da yake uban ne ya koyar da su.

Akwai wani labari da ake bayarwa a gidan, wasu suna jingina shi ga Yang, wasu ga ɗansa Jianhou. Wai yakan ɗora ɗan tsuntsu a tafin hannunsa a buɗe, amma tsuntsun ya kasa tashi. Dalili kuwa shi ne tsuntsu ba ya tashi sai ya dogara ƙafafunsa a kan wani abu ya yunƙura, shi kuma da zarar ya ji yunƙurin sai ya sassauta hannunsa ƙasa kaɗan. Ko labarin ya faru ko misali ne kawai, ya tattara dukkan karatun a wuri ɗaya: wanda bai sami abin dogarawa a jikinka ba, ba shi da yadda zai yi da ƙarfinsa.

Sai dai zamanin da Yang ya yi suna zamani ne na baƙin ciki ga ƙasarsa. Ingila ta ci Sin a yaƙin farko na tabar ofiyom tsakanin 1839 da 1842. Tawayen Taiping, daga 1850 zuwa 1864, ya hallaka miliyoyin mutane. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka shiga Beijing, aka ƙone tsohuwar fadar shaƙatawa ta sarki. Kowa ya gani da idonsa cewa bindiga da igwa ba su san gwanin dambe ba. Ilimin da Yang ya ba rayuwarsa yana gab da zama abin da ba a bukata a fagen fama. Da a ce ya tsaya a ƙauye ɗaya a hannun zuriya ɗaya, da wuya a ce duniya ta san shi.

Iyalinsa da Rasuwarsa

Yang ya haifi 'ya'ya maza 3. Na farin, Fenghou, ya rasu da wuri. Sauran biyun su ne Banhou, wanda aka haifa a 1837, da Jianhou, wanda aka haifa a 1839. Tarihi bai ɓoye cewa ya tsananta musu ba. Yadda ya sha wuya kafin ya samu, haka ya so su sha, har ruwayar gidan ta ce ɗaya ya yi yunƙurin gudu daga gida, ɗayan kuma ya so ya aske kansa ya shige gidan ibada don ya huta. Mutumin da ya shahara da taushi a gaban abokan gaba bai iya yin taushi ga 'ya'yan cikinsa ba. Wannan aibi ne, kuma ya bar tabo, domin Banhou ya tashi da zafin hannu, ɗalibai kaɗan ne suka iya jure zama da shi. Jianhou kuwa ya fito mai sanyin hali, kuma ta wurinsa ne zuriyar ta fi yaɗa ilimin.

Yang Luchan ya rasu a 1872 yana da shekara 73.

Abin da Ya Bari

Jikansa Yang Chengfu, ɗan Jianhou, wanda ya rayu daga 1883 zuwa 1936, shi ne ya ba taici siffar da aka fi sani a yau. Ya cire tsalle-tsalle da buga ƙafa da naushin bazata, ya mayar da motsin mai faɗi, mai tafiya a hankali bai ɗaya, yadda tsoho da mace da mai rauni za su iya. Daga 1928 ya koma kudu ya koyar a biranen Nanjing da Shanghai da Guangzhou, kuma a 1934 aka buga littafinsa mai ɗauke da hotunansa. A wannan shekara ta 1928 ne kuma Chen Fake, tattaɓa-kunnen Chen Changxing, ya zo Beijing ya fara koyar da salon ƙauyensu a fili. Wato ƙofar da kakansa ya buɗe wa mutum ɗaya ta zama a buɗe ga kowa.

A yau manyan salon taici 5 ne. Akwai na Chen, wanda shi ne uwa. Akwai na Yang. Akwai na Wu Yuxiang. Akwai na Wu Jianquan, ɗan sojan nan Quanyou. Sai na Sun Lutang, wanda ya koya daga Hao Weizhen, almajirin Li Yiyu. In ban da na farkon, duk sauran huɗun silsilarsu tana bi ta kan Yang Luchan.

A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tsamo motsi 24 daga salon Yang ta mayar da su gajeren darasi don jama'a, kuma shi ne aka fi yi a filayen shaƙatawa da safe. A 1964 Zheng Manqing, almajirin Yang Chengfu, ya koma birnin New York na Amurka ya buɗe makaranta. Likitocin zamani sun gwada abin, sun kuma tabbatar cewa yana ƙarfafa ƙafafun tsofaffi, yana rage musu yawan faɗuwa. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa taici cikin jerin al'adun gado na 'yan'adam. Dabarar da aka ƙago don karya abokin gaba ta koma abin da kaka take yi don ta iya ɗaukar jikanta.

Kammalawa

'Yan'uwa, tun muna yara muke jin ana kwaɗaitar da mu neman ilimi ko da a birnin Sin ne. Ga shi kuwa a can ɗin mun tarar da wanda ya neme shi ta kafar katanga. Idan aka ba da wannan tarihi yawanci Yang ake yabo, kuma ya cancanta. Amma ni duk lokacin da na karanta shi, tsohon nan Chen Changxing ne yake tsaya mini a rai. Bai taɓa zuwa fada ba, ba a yi masa kirari a Beijing ba. Abin da ya yi shi ne ya dubi yaron da ba ɗan kowa ba, ya ga ƙwazonsa, ya ba shi wuri a cikin sahu. Ya rasu a 1853 ba tare da ya san inda wannan shawara tasa za ta kai ba.

Da yawanmu a wannan ƙungiya haka muka zo makaranta, da akwatin ƙarfe da ɗan ƙullin gari, ba mu san kowa ba. Akwai malamin da ya tsaya bayan an tashi ya sake yi mana bayanin lissafi, akwai wanda ya biya wa wani kuɗin jarrabawa daga ɗan albashinsa bai faɗa wa kowa ba. Wasunsu suna nan da rai, kuma sun tsufa. Ina roƙon kowane ɗayanmu, kafin taronmu na baɗi, ya nemi ko da malami ɗaya ya je har gida ya gaishe shi, ya gaya masa inda karatunsa ya kai shi. Haka kuma a ofisoshinmu da kasuwanninmu da asibitocinmu akwai yara masu leƙe ta katanga, masinja ne ko ɗan aike ko mai shara, waɗanda suke kallon yadda muke aiki suna sha'awa. Kada mu bari sai mun yi ritaya sannan mu tuna da su.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana, Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya bar mu cikin zumunci. Amin.

Wassalam.